Ƙananan Hukumomi 37 da Abuja Ba Ta San da Su Ba: Nazarin Taƙaddamar Legas da Gwamnatin Tarayya

Tushen matsalar, 1976 zuwa 1999

Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 sojoji ne suka yanka su, ba majalisun jihohi ba. Gyaran da aka yi a 1976 ya samar da 301. A zamanin Janar Babangida suka kai 589 a 1991, Janar Abacha kuma ya cika su 774 a 1996. Da aka zo rubuta kundin tsarin mulki na 1999 sai aka kwashe sunayensu ɗaya bayan ɗaya aka zuba cikin Jadawali na Ɗaya, sashe na 3(6) ya kuma ƙayyade yawansu: 768 a jihohi, shida a Abuja.

Legas ta tashi da 20. Kano, wadda aka ƙirƙira rana ɗaya da ita a 1967, ta tashi da 44, bayan an riga an cire mata Jigawa a 1991, wadda ita ma ta tashi da 27. Ƙidayar 1991 ta ba Kano mutum miliyan 5.8, Legas miliyan 5.7. Kowane ɓangare yana da hujjarsa a nan. Legas ce mafi ƙarancin faɗin ƙasa a duk jihohi, kuma masu kare tsohon rabon kan ce nisan ƙauye da sakatariya abin dubawa ne, ba yawan kawuna kaɗai ba. 'Yan Legas kuma su ce ƙaramar hukuma ɗaya irin Alimosho, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum miliyan 1.2, ta fi ƙarfin ciyaman ɗaya.

Amma zancen kuɗi ne ya sa batun ya yi zafi. Daga abin da ake rabawa kowane wata a asusun tarayya, bayan an cire kason jihohi masu arzikin mai da kuɗin tara haraji, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari. Wannan kaso ana raba shi da ma'auni biyar: kashi 40 raba-daidai, kashi 30 yawan jama'a, sai goma-goma na faɗi da yanayin ƙasa, da ayyukan jin daɗin jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Raba-daidai ɗin nan shi ne maƙura. A kowace naira biliyan 100 da aka raba, ƙananan hukumomi za su sami biliyan 20.6, biliyan 8.24 daga ciki na raba-daidai ne, kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki kimanin miliyan 10.6. Na Legas ya kama miliyan 213, na Kano miliyan 468. Da za a ƙara wa Legas 37, jimilla ta koma 811, nata zai haura miliyan 579, kowace ƙaramar hukuma a sauran ƙasar kuma ta yi asarar kusan rabin miliyan. Kason yawan jama'a ba ya ƙaruwa don an tsaga ƙaramar hukuma gida uku, mutanen su ne dai. Raba-daidai ne ke ƙaruwa, kuma daga aljihun sauran jihohi yake fitowa.

2002: majalisar jiha ta yi doka

Kundin 1999 ya raba ikon ƙirƙirar ƙaramar hukuma gida biyu. Sashe na 7(1) ya ɗora wa gwamnatin jiha alhakin kafa ƙananan hukumomi da tsara su da samar musu kuɗi ta hanyar doka. Sashe na 8(3) ya shimfiɗa matakan da majalisar jiha za ta bi kafin ta ƙara sabuwa. Da farko buƙata za ta zo da goyon bayan kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisar jiha da kuma kansilolin yankin. Daga nan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu bisa uku na mutanen ƙaramar hukumar da buƙatar ta fito su amince. Sai a kai sakamakon gaban majalisun ƙananan hukumomin jihar, mafi yawansu su amince da rinjaye mai sauƙi. A ƙarshe majalisar jiha ta zartar da ƙudiri da kashi biyu bisa uku na mambobinta.

Ba a nan maganar ta ƙare ba. Sashe na 8(6) ya ce majalisar jiha ta aika wa Majalisar Dattawa da ta Wakilai cikakken bayanin abin da ta yi. Sashe na 8(5) kuma ya ce Majalisar Tarayya ce za ta yi dokar da za ta shigar da sunaye da hedikwatocin sababbin yankunan cikin sashe na 3 da Jadawali na Ɗaya. Kundin bai sa mata wa'adi ba, bai kuma faɗi abin da zai faru in ta ƙi ba.

A watan Maris na 2002 Kotun Ƙoli ta ƙara wa jihohi ƙarfin gwiwa. Majalisar Tarayya ta yi ƙoƙarin tsawaita wa'adin ciyamomi da kansiloli daga shekara uku zuwa huɗu ta cikin Dokar Zaɓe ta 2001, jihohi suka kai ƙara, kotu ta ce wa'adin ƙananan hukumomin jihohi ba hurumin Majalisar Tarayya ba ne. A wannan shekarar ce majalisar Legas, a mulkin Gwamna Bola Tinubu na jam'iyyar AD, ta zartar da Doka mai lamba 5 ta 2002, wadda ta tsaga ƙananan hukumomi 20 suka koma 57. Daga Alimosho kaɗai aka fitar da biyar: Agbado/Oke-Odo, Ayobo/Ipaja, Egbe/Idimu, Igando/Ikotun da Mosan/Okunola. Majalisar Tarayya, inda PDP ke da rinjaye, ba ta yi dokar sashe na 8(5) ba.

Kusan shekara biyu abin bai fashe ba, don wa'adin zaɓaɓɓu ya ƙare a tsakiyar 2002 kuma kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar.

Maris da Afrilun 2004: zaɓe, sai rufe famfo

Ranar 27 ga Maris, 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Hukumar zaɓen jihar Legas ta gudanar da nata a yankuna 57, aka rantsar da ciyamomi 57.

Ranar 8 ga Afrilu Shugaba Olusegun Obasanjo ya rubuta wa ƙaramar ministar kuɗi, Nenadi Usman, wadda ke kula da zaman rabon wata-wata. Wasiƙar ta ambaci jihohi biyar da suka yi zaɓe a sababbin ƙananan hukumomi: Ebonyi, Katsina, Legas, Nasarawa da Neja. Umurnin shi ne kada a sake sakin ko kwabo na ƙananan hukumomin waɗannan jihohi har sai sun koma kan jerin da ke cikin Jadawali na Ɗaya. Hujjarsa ita ce ya yi rantsuwar kare kundin tsarin mulki, kuma kundin bai san da waɗannan yankuna ba, don haka ba zai bari kuɗin asusun tarayya ya shiga hannunsu ba.

Abin lura, ba kason sababbin aka tare ba, don da ma ba su da kaso. Kuɗin tsofaffin ne aka riƙe gaba ɗaya. Daga wannan kuɗi ake biyan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ma'aikatan sakatariya, saboda haka jihar da aka tare wa shi tana da zaɓi biyu kawai: ta ɗauki albashin nan a wuyanta, ko ta janye. Sauran jihohi huɗun sun janye, wasu suka mai da sababbin nasu yankunan raya ƙasa a ƙarƙashin tsofaffin, aka sakar musu kuɗinsu. Gwamnan Katsina a lokacin Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, kuma sunan zai sake fitowa a wannan labari ta ɗaya ɓangaren.

Legas ta tsaya. Ta dogara da kuɗin shigarta na cikin gida, wanda ya faro daga kimanin naira miliyan 600 a wata a 1999 ya kai biliyoyi kafin 2007, ta ci gaba da biyan albashi da tura wa yankuna 57 ɗin kuɗin gudanarwa. Antoni-janar na jihar, Yemi Osinbajo, ya shigar da ƙara kai tsaye a Kotun Ƙoli, domin sashe na 232 ya ba ta hurumin sauraron rikicin jiha da tarayya ba tare da an bi ta ƙananan kotuna ba.

10 ga Disamba, 2004: hukuncin Kotun Ƙoli

Ƙarar mai lamba SC.70/2004 alƙalai bakwai ne suka saurare ta, Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais ya karanta babban hukunci. Tambayoyi biyu ne a gaban kotun, kuma kowane ɓangare ya ci ɗaya.

Ta farko: shin Shugaban Ƙasa yana da ikon dakatar da kason ƙananan hukumomin wata jiha? Kotu ta ce ba shi da shi, ko na rana ɗaya. Sashe na 162(5) ya ce kuɗin ƙananan hukumomi da ke asusun tarayya za a miƙa wa jihohi ne domin amfanin ƙananan hukumominsu, kuma babu inda kundin ya ba shugaba damar riƙe shi don ladabtar da jiha. In yana ganin jiha ta saɓa wa kundi, hanyarsa ita ce kotu. Asusun tarayya ba mallakin gwamnatin tarayya ba ne, na matakan gwamnati uku ne, ita mai ajiya ce kawai.

Ta biyu, wadda gwamnatin tarayya ta taso da ita a nata ƙorafin: shin yankuna 57 ɗin halattattu ne? A nan kotu ta ce dokar Legas ba ta saɓa wa kundi ba, majalisar jiha tana da ikon yin ta. Sai dai aikin bai kammala ba. Sababbin yankunan ba za su fara aiki a matsayin ƙananan hukumomi ba sai Majalisar Tarayya ta yi dokar sashe na 8(5). An ɗaura aure ke nan, amarya ba ta tare ba. Saboda haka kuɗin da za a saki na ƙananan hukumomi 20 ne da ke cikin jadawali, kuma ba a yarda a kashe shi kan wata sabuwa ba.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta tsawaita rikicin. Legas ta riƙe rabin farko, ta ce a sakar mata kuɗinta nan take. Fadar shugaban ƙasa ta riƙe rabin biyu, ta ce tsofaffin 20 ɗin ai babu su a ƙasa, an narkar da su cikin 57, to wa za a ba kuɗin? Sai Legas ta dawo da su tukuna.

2005 zuwa 2007: hukunci a hannu, kuɗi a Abuja

Sashe na 287(1) ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli. A aikace kuwa jiha ba ta da sandar da za ta tilasta wa shugaban ƙasa. Sashe na 308 ya kare shi daga tuhuma yana kan mulki. Kuɗin yana Babban Banki, masu sa hannu a fitar da shi ma'aikatan tarayya ne, 'yan sandan da za su aiwatar da umurnin kotu su ma na tarayya ne. Hukuncin Disamba bai sa an saki komai ba.

Abin da ya motsa lamarin sulhu ne. A 2005 wani kwamitin dattawan Yarbawa ƙarƙashin Yarima Bola Ajibola, tsohon ministan shari'a kuma tsohon alƙalin Kotun Duniya, ya shiga tsakani. Majalisar Legas ta yi wa dokarta gyara: tsofaffin 20 suka dawo da sunayensu na jadawali, sababbin 37 kuma aka daina kiran su ƙananan hukumomi, aka koma kiran su yankunan raya ƙasa, waɗanda aka fi sani da LCDA. A takarda kowannensu yana cikin uwar ƙaramar hukumar da aka cire shi. A ƙasa kuwa sakatariyarsa tana nan, ma'aikatansa suna nan, iyakarsa tana nan.

Bayan haka gwamnatin Obasanjo ta saki wani kaso, ta riƙe saura, tana cewa suna kawai aka sauya. Ragowar bai fito ba sai da mulki ya canja hannu. A watan Yulin 2007 Shugaba 'Yar'aduwa ya ba da umurni a saki naira biliyan 10.8 da suka rage, shekara uku da wata uku bayan wasiƙar Afrilu, shekara biyu da rabi bayan hukuncin kotu.

2008 zuwa 2023: yadda tsarin ya zauna

A watan Oktoban 2008 aka sake zaɓe a yankuna 57. A Yulin 2009 'Yar'aduwa ya rubuta wa Gwamna Babatunde Fashola cewa ya koma kan 20 cikin kwana 14. Fashola ya ƙi, yana kafa hujja da hukuncin 2004. Wannan karon ba a tare kuɗi ba.

Dabarar da ta riƙe yankunan 37 tana cikin sashe na 162 ɗin da aka yi shari'a a kansa. Ƙaramin sashe na (6) ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason tarayya ke sauka. Na (7) ya ce jiha ta ƙara wani abu daga nata kuɗin shiga. Na (8) kuma ya bar wa majalisar jiha tsara yadda za a raba. Ke nan Abuja tana turo kuɗi da sunan 20, ya sauka a asusun da jiha ke riƙe da makullinsa, a haɗa da gudummawar jiha, a cire albashin malamai da sauran abubuwan da ake cirewa daga tushe, sannan a raba wa 57. Kowane yanki kuma yana tara nasa daga hanyoyin da Jadawali na Huɗu ya ba ƙananan hukumomi, irin su kasuwanni da tashoshin mota da mahauta.

Abin da dabarar ba ta kawo ba shi ne ƙarin kaso. Har yau lissafin raba-daidai da 20 ake yi wa Legas. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta san mazaɓu 245 ne a jihar, ta jiha kuma tana zaɓen kansiloli a 376. Duk abin da tarayya ta raba bisa ƙaramar hukuma haka yake zuwa: shirin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi 774,000 na zamanin Buhari, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, ya ba Legas gurbi 20,000, Kano 44,000.

Ƙofar sashe na 8(5) kuwa ƙara nauyi ta yi. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya kan ko doka ta yau da kullum ta isa a taɓa Jadawali na Ɗaya, ko sai an bi sashe na 9, wato kashi biyu bisa uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisar Tarayya hanya ta biyu take bi. Ko sauya sunan ƙaramar hukumar Kunchi ta jihar Kano zuwa Ghari sai da ya bi ta gyaran kundi, wanda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023. In canjin suna, da ba ya rage wa kowa ko sisi, ya ci wannan dogon zango, to ƙarin 37 yana nufin a roƙi majalisun jihohi 24 su kaɗa ƙuri'ar rage kason nasu ƙananan hukumomin.

Yulin 2024 zuwa Yulin 2025: sabon hukunci

A 2024 gwamnatin tarayya, wadda yanzu Tinubu ke shugabanta, ta kai jihohi 36 gaban Kotun Ƙoli ta hannun Antoni-janar Lateef Fagbemi. Ranar 11 ga Yuli Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukunci: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, gwamnoni su daina riƙe shi, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba ta cancanci kason ba. Aiwatar da biyan kai tsayen ya yi ta jan ƙafa, amma hukuncin ya taɓa jijiyar tsarin Legas, domin asusun haɗin gwiwa shi ne mahaɗar da kuɗin 20 ke zama na 57.

A watan Oktoban 2024 majalisar Legas ta fito da ƙudirin mai da yankunan 37 majalisun gudanarwa masu shugabanni naɗaɗɗu. Ƙudirin ya gamu da suka mai yawa, kuma ranar 12 ga Yuli, 2025 aka sake zaɓen ciyamomi a duka 57. Har zuwa ranar sunan ko ɗaya daga cikin 37 ɗin bai shiga Jadawali na Ɗaya ba.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Tare kuɗin da Obasanjo ya yi saɓa wa kundi ne, kotu ta faɗa, kuma wannan shi ne ɓangaren hukuncin da ya amfani kowace jiha. Amma matakin ya cim ma abin da aka yi shi dominsa a jihohi huɗu cikin biyar tun kafin kotu ta buɗe baki. Bambancin Legas da su ba ƙarfin hujja ba ne, sashe na 8(3) ɗaya ne ga kowa. Bambancin shi ne ita tana iya biyan malamanta wata da watanni ba tare da Abuja ba, su kuwa ba za su iya ba.

Kuskuren Legas na tsari ne. Ta yi zaɓe ta rantsar da shugabanni a matakin da kundi bai ba ta ikon rufewa ita kaɗai ba, kuma ta yi haka ta hanyar narkar da tsofaffin 20, abin da ya ba fadar shugaban ƙasa madafar ci gaba da riƙe kuɗin bayan ta sha kaye a kotu. Da tun 2002 ta bar 20 ɗin yadda suke ta ɗora yankunan raya ƙasa a ƙarƙashinsu, wato abin da ta koma yi a 2005, da wuya a sami hujjar taɓa kasonta. Za a iya cewa ta yi hakan ne da gangan don ta tilasta wa Majalisar Tarayya motsawa. In haka ne, majalisar ba ta motsa ba.

Gyaran 2005 ya yi aiki ne saboda ya ɗauke rigimar daga sashe na 8, inda kalmar ƙarshe ta Abuja ce, ya kai ta sashe na 7 da na 162(8), inda majalisar jiha ke da ta cewa. Jihohi irin su Osun da Ogun da Oyo sun bi wannan sawu daga baya. Sai dai ko rabon 57 ya dace da sharaɗin hukuncin 2004, cewa kada kuɗin 20 ya tafi ga sababbi, tambaya ce da aka zauna da ita saboda gwamnatocin tarayya da suka biyo baya ba su sake matsawa ba. Hukuncin 2024 ya dawo da ita. Duk ranar da kaso ya fara sauka kai tsaye a asusun ƙaramar hukumar Alimosho, ciyamanta ne mai sa hannu, kuma ciyamomi biyar da aka zaɓa a cikin iyakarta ba su da asusu a wurin rabon tarayya. Ko dai majalisar jiha ta yi dokar da za ta tilasta masa ya raba da su, wadda za a iya ƙalubalanta da hukuncin 2024, ko jiha ta ɗauki nauyinsu kacokan daga nata kuɗin shiga ƙarƙashin ikonta na kashe kuɗinta yadda majalisarta ta amince.